Me soyayya take nema a fim ɗin yaƙi?

Shin fim ɗin da ya ɗauko yaƙi ya saka labarin miji da mata a tsakiyarsa ya rage wa yaƙin nauyi ne, ko kuwa ta nan ne ake iya auna nauyin nasa? Tambayar tana yawan tasowa a majalisun Injamena ta Chadi, da Kusuri da Marwa na arewacin Kamaru, musamman yanzu da matasa ke ɗaukar fim da waya da ƙananan kyamarori, kuma labarin da ya fi kusa da su shi ne na gudun hijira, da na ɗan'uwan da ya shiga daji, da na matar da mijinta ya fita bai dawo ba.

Ƙorafi iri biyu ake ji. Wasu su ce an kira shi fim ɗin yaƙi amma har ya ƙare ba a ga artabu ba, sai mutane zaune a tsakar gida suna sauraron rediyo. Wasu kuma, galibi dattawan da suka gani da idonsu, su ce jini ya zuba, ku kuma kun tsaya nuna wa ke son wa. Duka biyun daga tushe ɗaya suka fito: ɗaukar cewa yaƙi a fagen daga kawai yake, soyayya kuma ado ce da ake liƙawa don a riƙe mai kallo.

Fim ɗin faɗa daban, dirama ta yaƙi daban

Fim ɗin faɗa tambayarsa ɗaya ce, wa zai yi nasara. Dirama ta yaƙi tana tambayar me ya rage wa mutum bayan an ci garin ko an kasa ci. Abubuwa uku take aiki da su. Soyayya, wadda a nan ta haɗa da ta miji da mata, ta uba da ɗa, da ta aminai. Amana, wato abin da aka bari a hannunka ba tare da shaida ba: mata, yaro, gona, sirri. Sai biyayya, wadda ake binka ita daga sama, ko daga kwamanda, ko mai unguwa, ko mahaifi. A lokacin zaman lafiya ukun nan hanya ɗaya suke bi, mutum ba ya ma lura da bambancinsu. Yaƙi ne ke raba musu hanya, kuma daga mararrabar nan labari ke farawa.

Yaƙin da masu kallon nan suka sani

Mai kallo a Chadi da arewacin Kamaru ba baƙon yaƙi ba ne, shi ya sa yake saurin gane ƙarya. Tawaye ya fara a Mangalme da ke Chadi a 1965 kan haraji, aka kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Frolinat a 1966. An gwabza a cikin Injamena a 1979, aka sake a 1980 har tsawon watanni, mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusuri. Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, kuma hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum 40,000. 'Yan tawaye sun shiga babban birnin a Afrilun 2006, suka sake shiga a farkon Fabrairun 2008, dubban mutane suka sake bin gadar Ngeli zuwa Kamaru. A ɗaya ɓangaren, an buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013 don waɗanda suka gudo daga Najeriya, hare-haren Boko Haram suka addabi Kolofata da Fotokol da Amcide, aka tayar da bamabamai a Injamena da Marwa a 2015. Daga Afrilun 2023 kuma mutanen Sudan ke kwararowa ta Adre, garin iyaka a gabashin Chadi.

A duk waɗannan, waɗanda suka riƙe bindiga kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka ji ƙararta daga cikin ɗaki. Ga mafi yawan mutane yaƙi shi ne kwana uku a ƙarƙashin gado, da rabuwa a bakin kogi, da shekarun jira. Fim ɗin da ya tsaya a tsakar gida yana nuna yaƙin da jama'a suka yi ne.

Amana biyu, mutum ɗaya

Ginin irin wannan fim yana da tsari. A rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na minti 90 shafi 90 ne ko kusa. Shafi 15 zuwa 20 na farko aikinsu ɗaya ne: a nuna alaƙar da za a karya, kuma a nuna ta da aiki. Uba yana gyara wa ɗansa babur, mata tana ware wa mijinta ƙanzon tuwo, aboki yana ajiye kuɗin abokinsa a cikin rufin ɗaki. Idan mai kallo bai ga wannan ba, duk kukan da za a yi daga baya ba zai taɓa shi ba.

Daga nan sai yaƙi ya shigo a matsayin buƙata. Ba dole ya zo da harbi ba. Yana zuwa da mutumin da ka sani, ya yi sallama, ya zauna a tabarma, ya ce ana son kuɗi, ko ɗa, ko sunan maƙwabci. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne: abubuwa biyun da jarumi zai zaɓa tsakaninsu su kasance duka suna da haƙƙi a kansa. Gaba kura, baya sayaki. Idan ɗaya gaskiya ce tsantsa, ɗayan kuma sharri ne tsantsa, babu zaɓi, babu fim.

Ayyukan Mahamat-Saleh Haroun, daraktan fim ɗan Chadi, sun nuna wannan a fili. Haifaffen Abeche ne, 1961, ya ji rauni a yaƙin basasa kafin ya bar ƙasar. A fim ɗinsa Un homme qui crie, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010, wani tsohon gwanin ninkaya mai kula da wurin wanka a babban otal a Injamena ya rasa aikinsa, aka ba ɗansa. Mai unguwa kuma yana matsa masa ya biya gudummawar yaƙi, shi kuwa ba shi da kuɗi. Sai ya ba da ɗan. Abin da ya sa labarin ke ci wa mutum rai shi ne ba a wanke uban ba: akwai matsin hukuma, akwai kuma ƙyashin da ya ɓoye a zuciyarsa, fim ɗin bai raba su ba. A Daratt kuma, wanda ya samu kyauta ta musamman a bikin Venice a 2006, bayan an sanar da afuwa a rediyo, kaka makaho ya miƙa wa jikansa ɗan shekara 16 bindiga ya je ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa. Yaron ya tarar da mutumin yana gidan burodi, ya zama yaronsa, ya koyi sana'a a hannunsa, har mutumin ya so ya riƙe shi ɗa. Biyayya ga kaka a hannu ɗaya, gishirin da ya ci a ɗayan.

Inda sababbin marubuta ke faɗuwa wurare ne sanannu. Su ƙirƙiri mugu mai jan ido da dariyar ƙeta, alhali mai kallo ya san wanda ya kai ƙarar babansa maƙwabci ne da ake sallah sahu ɗaya da shi. Ko su gina rabuwa a kan rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware. Ko su bar sa'a ta yanke hukunci, harsashi ya kashe ɗaya daga cikin masoyan daidai lokacin da ya kamata jarumi ya zaɓa. Wannan na ƙarshen gudun aiki ne, kuma masu kallo suna jin an yaudare su ko da ba su iya faɗin dalili ba.

Matar wanda ya ɓace

Babu labarin da ya fi yawa a wannan fanni kamar na mijin da ya ɓace, matar ta jira, ta gaji, ta yi aure, sai ga shi ya dawo. Babu kuma wanda aka fi ɓatawa. Yawancin finafinai suna mayar da shi shari'ar zuciyar mace: in ta jira mai amana ce, in ta yi aure maciya amana ce. Alhali lamarin yana da hukunci rubutacce a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin nan, kuma hukuncin ya fi ƙagen marubuci ƙarfi.

Abin da ke cikin Risala, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne: wanda ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba, ana yanka masa wa'adin shekara huɗu. Lissafin ba ya farawa daga ranar da ya fita. Sai matar ta kai magana gaban alƙali, an bincika, an rasa labarinsa. Bayan shekara huɗun ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai ya kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye, wanda mashhurin zance a mazhabar ya sa shekara saba'in. A cikin wa'adin, daga dukiyarsa ake ciyar da ita. In babu abin ciyarwar, tana da wata ƙofa, ta nemi alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, kuma wannan ba ya buƙatar shekara huɗu. Manyan littattafan mazhabar sun kuma bambanta wanda ya ɓace a tafiya, da wanda ya ɓace a tsakiyar faɗa, da wanda aka san an kama shi yana tsare, kowanne da hukuncinsa. In kuma mijin farko ya dawo, mashhurin zance shi ne ana duba tarewa: in ɗaurin aure kawai aka yi, shi ya fi cancanta da ita; in na biyun ya riga ya tare da ita bai san na farko yana raye ba, ta zama tasa.

Duba abin da wannan ke ba mai rubutu. Matar da ta ƙi zuwa gaban alƙali shekara uku, domin zuwan tamkar ta yarda ya mutu ne, ta ƙara wa kanta shekara uku a kan huɗun. Surukar da ke cewa "'yata, ki yi haƙuri, ɗana yana nan tafe" tana riƙe amanar ɗanta ne, tana kuma ɗaure yarinyar. Wan miji da ke noma gonar ƙanensa yana ciyar da matar daga amfaninta yana da dalilin son a ci gaba da jira, yana kuma da dalilin son a gama. Mutumin da ya dawo zai iya tarar da gonarsa tana nan da sunansa, ba a raba ba, matarsa kuwa tana gidan wani da aure halal. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. A ganinmu, marubucin da ya zauna da alƙalin fadar lamiɗo ko malamin unguwa na yini guda kafin ya rubuta shafin farko ya fi wanda ya kashe kuɗinsa kan hayar kaki. In kuma iyalin labarin Kirista ne, kamar yadda yake a gidaje da yawa a Injamena da kewayen Mokolo, tambayar tana komawa coci da kotu, ba a ɗora musu wannan hukunci.

Lokaci ma yana da nasa aikin. Cikin da aka bari wata uku, yaro ne mai gudu a tsakar gida kafin wa'adi ya cika, don haka ana buƙatar yara biyu ko uku su fito a matsayin yaro ɗaya. Hanyar neman labari ta dace da zamanin: a shekarun 1980 wasiƙa ce ta hannun direba, da kaset da aka naɗi murya, da sanarwar cigiya a rediyo, da saƙon Red Cross. Wayar hannu a fim ɗin zamanin Habré kuskure ne da ke rushe komai a daƙiƙa ɗaya.

Yadda ake shigo da yaƙi ba tare da tankar yaƙi ba

Ƙaramin kasafi ba ya ɗaukar artabu. Mutum goma da bindigogin katako suna gudu a fili ba sa tsorata kowa. Kunne ne ke yin aikin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, wato kusan daƙiƙa uku kowace kilomita. Fashewar da ta auku a nisan kilomita biyu, haskenta za a fara gani, ƙarar ta iso bayan daƙiƙa shida, kuma tana isowa da nauyi, ba kaifi. Waɗannan daƙiƙoƙi shida a kan fuskar uwa da ke ƙirga 'ya'yanta da ido sun fi kowane harbi. Wanda ya zauna Injamena a Fabrairun 2008 zai gane nan take in an haɗa haske da ƙara lokaci ɗaya.

Don haka kuɗin da ake da shi ya fara tafiya kan sauti. Makirufo ya kasance kusa da bakin mai magana, kamar tsawon hannu, daga sama, a wajen hoto. Janareta ya yi nisa, a bayan katanga, a ja waya mai tsawo. A kowane wurin ɗauka a naɗi minti ɗaya na shirun wurin, domin da shi ake cike giɓi wajen tacewa. In babu shi, duk inda aka yanka sai an ji sautin ya yi tsalle. Akwai kuma abin da ake cirewa: kasuwar da ta yi tsit, masallacin da aka ji kiran sallarsa a fitowa ta biyu aka daina ji a ta ashirin, babu kukan babur a titi.

Ƙarar harbi a kwamfuta ake saka ta, ba a wurin ɗauka ba. Kaki da bindigar roba kuwa ba a fita da su sai da izini a rubuce daga hukuma, an sanar da jandarma da mai unguwa ko bulama, an kuma zagaya gida-gida tun jajibiri. A garin da aka taɓa kai wa hari, saurayi da rawani da abu mai kama da bindiga zai iya rasa ransa kafin ya buɗe baki ya ce fim ne. Tambarin kakin ma a ƙirƙiri nasa, kada a kwaikwayi na wata runduna da ake da ita.

Wanda ya dawo

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne nuna wanda ya dawo daga yaƙi ko daga hannun masu garkuwa a matsayin mahaukaci mai tsumma da surutai. Alamomin da aka sani sun fi haka ɓoyuwa: rashin barci, mugun mafarki, zabura in ƙofa ta bugu, zama kullum fuska na kallon ƙofa, fushi kan abin da bai kai ba, ƙin bin wata hanya ko jin wani wari. Mutum ne da ke zuwa kasuwa yana gaisawa. Matarsa ce kaɗai ta san ba ya kwana. Soyayya bayan yaƙi a nan take, a cikin ɗakin da ake kashe fitila ɗaya ya ce a bar ta.

Kamaru ta kafa hukumar karɓar makamai da mayar da tubabbu cikin jama'a a ƙarshen 2018, da cibiya a Mora. Tambayar ko gari zai karɓi wanda ya fito daga daji, ko matar da ta dawo da goyo, tambaya ce ta yau a ƙauyukan yankunan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga na arewacin Kamaru. Fim ɗin da ya mayar da irin wannan mace abar zargi, ko ɗanta abin tsoro, yana ƙara mata nauyin da take ɗauka a bakin rijiya gobe da safe.

Masu cewa fami ne, da masu cewa gara a faɗa

Masu adawa da yin irin wannan fim suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ya yi laifin da wanda aka yi wa sau da yawa unguwa ɗaya suke, 'ya'yansu sun yi auratayya, kuma zaman ya ginu ne a kan shiru. Fim ɗin da ya sa mugu ya yi magana da harshen wata ƙabila, ko ya sa masa rawani irin na wani yanki, ya zargi dubban mutane a dare ɗaya. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa a hannun darakta yake: mai zalunci da mai ceto su fito daga gida ɗaya, harshe ɗaya, domin haka abin ya kasance a zahiri.

Ɗaya ɓangaren suna nuni da waɗanda suka sha azaba a hannun 'yan sandan sirri na Habré. Sun yi fiye da shekara ashirin suna neman a saurare su kafin kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu 2016. A shekarar ce Haroun ya fitar da fim na gaskiya inda su da kansu suka yi magana a gaban kyamara. Shirun da ake yabo, in ji wannan ɓangare, wani ne ke biyan kuɗinsa, kuma galibi mace ce.

Mu muna tare da masu cewa gara a faɗa, da sharaɗi. Labarin da aka ɗauko daga bakin wata mata a sansani amana ne. A nemi yardarta, a gaya mata inda za a nuna, a canza suna da gari da adadin 'ya'ya da duk abin da dangin mijinta za su gane ta da shi. In ta janye bayan an rubuta, a cire.

Abin da ke isa ga mai kallo

Finafinan Haroun da Larabcin Chadi da Faransanci aka yi su, kuma sun fi samun masu kallo a bukukuwan Turai. An sake buɗe sinimar Normandie a Injamena a 2011, amma yawancin jama'a a waya suke kallo, daga wurin masu tura fim a kati ko ta WhatsApp da YouTube, kuma abin da ya cika katin finafinan Kano ne da na Indiya da aka juya zuwa Hausa. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta amfanar wanda bai yi boko ba. Mai son fim ɗinsa ya shiga gidajen Garwa da Kusuri sai ya yi shi da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin yankin tun farko, ko ya sa a ɗora murya.

Waya kuma tana da nata sharaɗin. Ƙaramar lasifikarta ba ta fitar da sauti mai nauyi, don haka rugugin nesa da aka sha wahala a kansa yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Kafin a saki fim, a saurare shi a waya mai araha, a waje, cikin hayaniya; abin da bai fito ba a ƙara masa wani sautin da zai fito, kamar karkarwar kwanon rufi ko haushin karnuka. Hoton dare mai duhu sosai shi ma baƙi ƙirin yake zama a ƙaramin allo, gara a haska fuska da fitilar ƙwai ko tocila a cikin labarin.

In za a nuna fim ɗin a bainar jama'a a garin da yaƙi ya taɓa, a faɗa wa mutane tun kafin a fara cewa akwai ƙarar harbi da labarin ɓacewa. A rage ƙarfin lasifika, a bar hanyar fita a buɗe da haske, kada a ajiye yara a sahun gaba. A tanadi dattijo a ɓangaren maza da dattijuwa a ɓangaren mata waɗanda za su bi duk wanda ya tashi ya fita, kuma a bar lokacin tattaunawa bayan an gama, da malamin da zai amsa tambayar wa'adi da takaba, domin a cikin masu kallon akwai matan da har yanzu ba su kai maganarsu gaban alƙali ba.